Bishiyar soso da bishiyar gaske: Yadda ake ƙera ƙananan bishiyoyin samfurin gini, da abin da suke faɗa wa mai kallo

A ranar da za a aza harsashin sabuwar kasuwa, ko asibiti, ko rukunin gidaje, akwai wani teburi da ba ya rasa 'yan kallo. A kansa ake ɗora samfurin aikin, wato ginin da aka ƙanƙanta da kwali da katako aka rufe da gilashi. Ga rumfuna a jere, ga tituna a share, ga motoci kamar ƙwari, ga kuma bishiyoyi kore shar sun yi wa wurin ƙawanya. Manyan baƙi su zagaya shi, a yi nuni da sanda, a ɗauki hoto, kafin la'asar hoton ya karaɗe Facebook da WhatsApp.

Ido kan fara sauka a kan gine-ginen, amma bishiyoyin ne ke sa wurin ya yi kama da inda mutum zai so zama. Su ne kuma ɓangaren da ba a cika yin tambaya a kansa ba. Ga matashin Ikara, ko Maƙarfi, ko Kudan da ke bibiyar ayyukan gwamnati, sanin yadda ake ƙera waɗannan bishiyoyi yana da amfani biyu. Sana'a ce da za a iya koya da kayan da ke cikin gari, kuma wanda ya san ta ba a ruɗarsa da samfuri.

Komai daga ma'auni yake farawa

Kowane samfuri yana da ma'auni, kuma akan rubuta shi a gefen allon da aka kafa ginin a kai. Idan aka rubuta 1:100, ana nufin santimita 1 a kan teburi yana wakiltar santimita 100, wato mita 1, a fili. A wannan ma'auni mutum mai tsawon mita 1.7 zai koma santimita 1.7, bishiya mai tsawon mita 20 kuma ta koma santimita 20. A 1:200 bishiyar za ta zama santimita 10, a 1:500 kuwa santimita 4. Gini guda akan yi shi a 1:50 ko 1:100, unguwa ko kasuwa kuma a 1:200 zuwa 1:500.

Wannan lissafi shi ne darasin farko ga ɗaliban zanen gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda ba ta da nisa da waɗannan ƙananan hukumomi uku. An fara koyar da fannin a Zariya tun kafin kafa jami'ar a 1962, kuma sashen nata shi ne mafi daɗewa a Najeriya. A wajen masu wannan fanni, aikin bishiya a samfuri ya wuce ado. Ita da ɗan mutum-mutumin da ake tsayarwa a bakin ƙofa su ne ke nuna wa ido girman gini. Idan aka rage tsawon bishiya, gini zai yi kamar ya fi girmansa. Idan aka faɗaɗa kanta, fili mai rana zai yi kamar lambu.

Daga fadar sarki zuwa gidan kallo

Dangantakar samfuri da mulki tsohuwa ce. A 1668, a zamanin Sarki Louis na 14 na Faransa, ministan yaƙinsa Louvois ya ba da umarnin a fara ƙera samfuran garuruwan kan iyaka masu ganuwa, domin sarki ya tsara tsaro da hari daga fada. Daga baya aka tsayar da ma'auninsu a 1:600. An yi bishiyoyinsu da zaren siliki da siririyar waya, kuma an kafa su a inda suke a fili, domin kurmi ko jerin bishiyoyi na iya ɓoye runduna. An daɗe ana riƙe samfuran a matsayin sirrin soja. Kimanin 100 daga cikinsu sun tsira, ana nuna wasu a Paris, wasu a birnin Lille.

A yau sana'ar ta zama abin nishaɗi da kasuwanci. A birnin Hambug na Jamus akwai gidan kallon Miniatur Wunderland, wanda tagwaye Frederik da Gerrit Braun suka buɗe a 2001. An gina shi a ma'aunin 1:87, wanda masu wasan ƙananan jiragen ƙasa suka fi amfani da shi, kuma bishiyoyin da ke cikinsa sun haura 100,000. Abin da ya haɗa samfuran Faransa da na Hambug shi ne kula da asali: maƙerin kan dubi bishiyar da ke tsiro a wurin da yake kwaikwayo, ya bi siffarta.

A ƙasar Hausa ma tushen wannan fasaha ba baƙo ba ne. Yaran da ke fere karan dawa bayan girbi suna haɗa motar kara, da waɗanda ke lanƙwasa waya da gwangwani su fitar da tirela mai tayoyi, aikin samfuri suke yi. Abin da ya rage musu shi ne ma'auni da lura.

Yadda ake ƙera ta, mataki-mataki

Mataki na farko ba a kan teburi yake ba, a gona yake. Mai ƙira zai zaɓi bishiya ta gaske, ya zagaya ta, ya ɗauki hotonta daga nesa, ya lura da inda gangar jikinta ta rabu da yadda rassanta suka bazu. Tsawonta ma ba sai an hau ba. A kafa sanda mai tsawon mita 1 a rana, a auna inuwarta, a auna inuwar bishiyar a lokaci guda. Idan inuwar sandar mita 2 ce, ta bishiyar kuma mita 30, to tsawon bishiyar mita 15 ne.

Mataki na biyu shi ne ƙashin bishiyar. Ana samun siraran wayoyin tagulla daga tsohuwar wayar lantarki da aka feɗe, ko daga naɗin cikin fanka da ta ƙone. A yanka sili 20 zuwa 40 masu tsawo ɗaya, a haɗa su dami, a murɗa tsakiya ta zama gangar jiki. A ƙasa a bar 'yan silaye a baje su zama saiwoyi, tare da guda ɗaya miƙaƙƙe da za a soka cikin allo. A sama a raba damin gida biyu ko uku, a murɗa kowanne, a sake rabawa, a sake murɗawa, har a kai sili ɗaya-ɗaya. Ta haka reshe ke sirancewa yayin da yake nisa da gindi, kamar yadda yake a halitta.

Mataki na uku shi ne ɓawo. A kwaɓa farin gam na kafintoci da lallausan garin katako da aka tankaɗe, a shafa a jikin wayar har murɗin ya ɓace. Kafin ya bushe sarai, a yi masa zane da tsinin allura. Wajen fenti ne sabon shiga ya fi yin kuskure, domin yakan ɗauka jikin bishiya ruwan ƙasa ne. Wanda ya tsaya ya duba zai ga yawancinsu sun fi kusa da ruwan toka. Akan fara da launi mai duhu, sannan a goga mai haske a sama-sama da busasshen buroshi, domin tsagogin su fito.

Mataki na huɗu shi ne ƙananan rassa, waɗanda waya ba ta iya fitarwa. A nan ake amfani da zaren rama da aka warware, ko soson wanka na gargajiya da aka yage shi siri-siri, a liƙa a ƙarshen wayoyin. A Turai masu wannan aiki kan sayi wani busasshen tsiro mai rassa ƙanana da ake nomawa domin wannan buƙata. A yankin Zazzau akwai makamantansa kyauta: zangarniyar dawa da aka sussuke, da kan busasshiyar ciyawa, da saiwar ƙananan tsirrai da aka tumɓuke aka juya ta sama. Domin kada su karye, akan jiƙa su cikin ruwan da aka gauraya da gilisarin, kashi 1 na gilisarin da kashi 2 ko 3 na ruwa, sannan a shanya a inuwa. Dole kuma a ajiye su nesa da gara.

Mataki na biyar shi ne ganye. A yayyanka soson tsohuwar katifa, a niƙa shi da ruwa a na'urar markaɗe da ba a amfani da ita wajen abinci, a matse, a cuɗa da fentin ruwa, a shanya, a tankaɗe da rariya. Gwanaye kan haɗa kore iri uku: mai duhu, da matsakaici, da mai ɗan rawaya. A fesa tsinkakken gam a kan rassan, a barbaɗa mai duhun daga ƙasa da ciki, mai hasken kuma daga sama inda rana ke bugawa. Ƙa'idar ita ce kada a cushe. Bishiyar gaske tana da ƙofofin da haske ke ratsawa, tsuntsu ma ya wuce. Wadda aka cika da soso har ta dunƙule ta koma ƙwallo a kan tsinke.

Kowace bishiya da siffarta

Wanda ya bi hanyar Zariya zuwa Kano ya wuce ta Tashar Yari, ko ya ratsa gonakin rake na Maƙarfi da Hunƙuyi, ko fadamun tumatir na Ikara, zai ga bishiyoyin da manoma suka bari da gangan a tsakiyar gonaki. Kowace tana da kamannin da ake gane ta da su tun daga nesa, kuma su ne jarrabawar mai ƙira.

Kuka gangar jiki ce kafin komai: mai kauri, mai santsi, ruwan toka, da gajerun rassa kamar saiwoyi a sama. Waya kaɗai ba ta isa ba, sai an naɗe ta da tsumma ko takarda kafin a shafa ɓawo. Ɗorawa kuwa gajeren gindi ne da kai mai faɗi kamar laima, kuma a ƙarshen rani takan rataya jajayen furanni masu kama da ƙwallo, waɗanda kan allura da aka tsoma a jan fenti ke iya wakilta. Kaɗanya ba ta cika tsawo ba, ɓawonta a tsattsage yake gida-gida kamar fatar kada, ganyenta kuma a tattare yake a ƙarshen rassa. Tsamiya tana da kai mai duhu da cunkoso. Rimi, wanda unguwannin birnin Zariya irin su Rimin Tsiwa da Rimin Doko ke ɗauke da sunansa, dogo ne miƙaƙƙe, rassansa a kwance hawa-hawa, gindinsa da faffaɗan haƙarƙari. Giginya sanda ɗaya ce mai kumburi a wajen sama, da ganye kamar mafici da ake yankawa daga takarda. Hausawa na yi mata kirari da na nesa ka sha inuwarta, kuma samfurin da ya jera giginya a filin ajiye motoci ya yi alkawarin inuwar da ba za ta sauka a wurin ba.

Akwai kuma batun lokaci. Kuka kan zubar da ganye da rani ta yi kore da damina. Gawo yana yin akasin haka: da damina yake tuɓe ganye, shi ya sa gero da dawa ke yin kyau a ƙarƙashinsa, da rani kuma ya yi kore ya ciyar da dabbobi. Da wuya a ga su biyun a cike da ganye a wata guda. Haka nan launin ƙasa da na ganye a watan Janairu, lokacin da hunturu ya lulluɓe komai da ƙura, ya sha bamban da na Agusta. Mai ƙira na ƙwarai yakan zaɓi wata guda ya tsaya a kansa.

Yawancin bishiyoyin roba da ake shigowa da su cikin leda daga ƙasashen waje ba su san wannan ba. Launinsu ɗaya, girmansu ɗaya, siffarsu kuma ta dazuzzukan ƙasashe masu sanyi ce, ko ta dabinon bakin otal. Idan aka jera su a samfurin kasuwar da za a gina a Maƙarfi, alama ce cewa ba a zauna an yanke shawarar irin bishiyar da za a dasa ba.

Shekarun da ke cikin santimita 10

Babban abin da bishiyar samfuri ke ɓoyewa shi ne shekaru. Ginin da ke kan teburi yana nuna yadda aikin zai kasance ranar da aka yanke ƙyalle. Bishiyar da ke gefensa kuwa tana nuna yadda wurin zai kasance bayan shekaru masu yawa, idan an dasa, idan an shayar, idan ta rayu. An haɗa zamani biyu a allo ɗaya ba tare da an faɗa wa mai kallo ba.

Lissafin a fili yake. A ma'aunin 1:200, bishiyar soso mai faɗin kai santimita 10 tana wakiltar inuwa mai faɗin mita 20, irin ta tsohuwar ɗorawa da ta girmi yawancin masu kallon. Dashen da ake fitowa da shi daga gandun reno kuwa bai cika wuce santimita 40 ba. A wannan ma'auni tsawonsa milimita 2 ne, kamar ƙwayar gero. Da za a yi samfurin da ke nuna ranar buɗe aiki tsakani da Allah, da abin da za a gani shi ne gine-gine a tsakiyar fili fetal, da 'yan ɗigo-ɗigo a gefen titi.

Tsakanin ƙwayar geron nan da inuwar akwai aiki. A wannan yanki ruwa kan ɗauke a watan Oktoba, ba ya dawowa sosai sai Mayu. Dashe na buƙatar ban ruwa a ranin farko da na biyu, da shinge saboda awaki, da wanda zai maye gurbin wanda ya mutu. Darbejiya, wadda asalinta daga yankin Indiya ne aka kawo ta Arewa a zamanin mulkin mallaka, tana saurin girma, tana ba da inuwa cikin 'yan shekaru. Kaɗanya kuwa kan ɗauki shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya. Saboda haka tsohuwar bishiyar da aka sare domin a share filin gini ba ta da madadi a cikin wa'adin kowace gwamnati. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 35, mai tallar da ke zaune a bakin kasuwa da majinyacin da ke jiran layi a harabar asibiti su ne ke biyan kuɗin wannan giɓi.

Samfuri mai kyau ba ya tabbatar da aiki ma gaba ɗaya. A 2014 aka ƙaddamar da Birnin Cika Shekara Ɗari a Abuja, wanda aka ƙiyasta zai ci dala biliyan 18, aka nuna zane-zanensa cike da lambuna da koramu. Shekara 10 bayan haka, mafi yawan filin bai zama birni ba.

Tambayoyin da ya kamata a yi a gaban teburin

Wanda ya fahimci yadda ake ƙera bishiyar soso yana da tambayoyi biyar da zai iya yi wa shugaban ƙaramar hukuma, ko ɗan majalisa, ko ɗan kwangila. Mene ne ma'aunin samfurin? Waɗanne irin bishiyoyi ne waɗannan, kuma guda nawa ne? Shin dasa su yana cikin takardar lissafin kayan aiki da farashi ta kwangilar, ko kuwa a samfuri kaɗai suke? Wa zai shayar da su, har tsawon wane lokaci, da wane kuɗi? Kuma bishiyoyi nawa ne ke tsaye a filin yanzu, nawa za a sare, nawa aka tsara ginin ya kauce musu?

Akwai dokokin da ke mara wa mai tambaya baya. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukumar da aka rubuta wa kwana 7 ta amsa. Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta wa manyan ayyuka rahoton da ake baje wa jama'a su duba su yi tsokaci. Jihar Kaduna ta shiga shirin ƙasa da ƙasa na gudanar da gwamnati a buɗe a 2018, inda ta ɗauki alkawarin bayyana kasafi da kwangiloli. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya ƙara nauyin amsa irin waɗannan tambayoyi a kan sakatariyoyin Ikara, Maƙarfi da Hunƙuyi.

Batun kuɗin dashe ma yana da inda za a bi sawunsa. Kaduna ba ta cikin jihohi 11 na sahun gaba da shirin Babbar Ganuwar Bishiyoyi ya fara da su, duk da cewa arewacinta na maƙwabtaka da Kano da Katsina da ke ciki. Amma tana cikin shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja, wanda farfaɗo da ƙasar da ta lalace ke cikin manyan manufofinsa.

Daga ƙetaren iyaka kuma akwai darasi. A yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar, tun daga shekarun 1980, manoma suka koma barin tohon kututturan da ke gonakinsu suna gyara shi maimakon sassabe shi, dabarar da ake kira sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta dawo da bishiyoyi kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Abin da ya riga ya kafa saiwa ya fi sabon dashe saurin zama inuwa, kuma wannan gaskiya ce a gona da kuma filin gini.

Ƙwararren mai ƙira kan gama bishiyar soso a yini ɗaya, da waya da gam da guntun katifa. Idan ya yi aikinsa da gaskiya, zai fara da zuwa filin ya ƙirga bishiyoyin da ke tsaye, ya kafa kowace a gurbinta a kan allo, ya bambanta su da waɗanda ake fatan dasawa. Samfurin da aka yi haka shaida ne da za a iya ajiyewa. Bayan shekara 5, duk wanda ya ɗauki hotonsa ranar aza harsashi zai iya komawa wurin da wayarsa a hannu, ya tsaya a inda aka nuna inuwa, ya ga ko rana na dukansa.